Ɗakin taron ƙungiya: me ya kamata a fara saye kafin kujerar shugaba?

A kasuwannin Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni da Yamai, da wuya a sami sana'ar da ba ta da ƙungiya. Masu hatsi suna da tasu, mahauta suna da tasu, haka ma masu atamfa, dillalan albasa, da mata masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Galibi taro yakan soma ne a gindin itace ko a zauren gidan shugaba. Idan tafiya ta yi tafiya, membobi suka ƙaru, kuɗin zubi suka taru, sai a ce lokaci ya yi da za a kama ɗaki a yi biro. To, a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Sau da yawa mukan shiga biro mu tarar da ƙaton tebur mai sheƙi da kujera mai juyawa sun cinye rabin ɗaki, alhali masu zubin da aka sayi kayan da kuɗinsu suna tsaitsaye a bakin ƙofa, ba su jin abin da ake faɗi.

Ɗakin taro wuri ne da ake ƙirga kuɗin jama'a, ake yanke shawara kan rumfuna da haraji da bashi. Saboda haka ma'aunin kowane kaya da za a saya guda ne: shin zai sa kowane memba ya ga abin da ake yi, ya ji abin da ake cewa, a kuma adana shaida? In amsar i ce, a saya. In a'a ce, a dakata tukuna.

Zaɓen ɗaki

Kafin a biya kuɗin haya, a ƙirga mutanen da suke zuwa taro da gaske. Mutum ɗaya a zaune yana buƙatar wajen mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi, in an haɗa da hanyar wucewa. Ke nan ɗaki mai mita 8 da mita 6 zai ɗauki mutum 40 ba tare da an matsu ba. Idan ƙungiya ta fi haka yawa, ba dole ba ne a nemi ƙaton gini. Ana iya kama ƙaramin ɗaki mai fili a gabansa, a kafa rumfa domin babban taron shekara, ɗakin kuma ya zama na membobin biro da na ajiyar takardu.

A duba tagogi. Ɗaki mai taga biyu da suke kallon juna ya fi mai taga ɗaya nesa ba kusa ba, domin iska tana shiga ta fita. A watannin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40 a garuruwanmu, kuma rufin kwano tsirara yakan mai da ɗaki kamar tanda. A sa kafinta ya shimfiɗa katako a ƙarƙashin kwanon, ko a ɗaura zana, zafin zai ragu ƙwarai. A duba daɓe kuma: in ya yi ƙasa da hanya, ruwan damina zai shigo. Ƙofa ta riƙa buɗewa ta waje, kada kuma a jibge buhuna a bayanta. Wurin ya kasance kusa da kasuwa yadda mai rumfa za ta bar kayanta hannun maƙwabciya ta zo ta koma, amma kada ya manne da injin niƙa ko wurin masu walda, don hayaniya tana kashe taro.

Wurin zama

Yadda aka jera kujeru shi ne yake nuna wanda zai yi magana. In an jera su layi-layi kamar aji a lakwal, na gaba ne kawai za su tanka, na baya su koma hira. In aka yi da'ira, ko aka jera su gefe uku aka bar gefe ɗaya ma allo, kowa yana kallon fuskar kowa. Tebur ɗaya madaidaici ya isa: na magatakarda da ma'aji, inda za a rubuta, a kuma ƙirga kuɗi a gaban idon jama'a. A ajiye shi inda haske yake sauka a kansa.

Kujerun roba suna da sauƙin ɗauka, ana ɗora su kan juna a share ɗaki, amma rana tana busar da su har su karye, don haka kada a bar su waje. Bencin ƙarfe da maƙeran garinmu suke haɗawa ya fi jure wahala, in ya lalace kuma mai gyara yana nan kusa. Katako yana da kyau, sai dai gara ba ta raga masa. Ƙungiyar mata kuwa kada ta ji kunyar shimfiɗa tabarmi. Tabarma tana ɗaukar mai goyo da ɗanta, kuma kuɗin kujeru goma za su shimfiɗe ɗaki duka. A dai tanadi ƴan kujeru masu majingina domin tsofaffi da masu ciwon gwiwa. Inda ƙungiya ta haɗa maza da mata, kada a tura mata can ƙurya bayan ginshiƙi. A ba su ɓangare guda da yake daidai da na maza wajen kusanci da tebur da allo, tunda zubinsu ɗaya ne.

Allo da akwati

Cikin duk kayan ɗakin taro, babu mai arha da amfani irin baƙin allo. Ba sai an sayo ba: magini ya shafe bango da siminti, a shafa masa baƙin fenti, a sayi alli. A kowane zama a rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita, da abin da ya rage, da manyan lambobi. Misali, ƙungiya mai mutum 40 da kowa ke zuba dala ɗari, wato sefa 500, a mako, tana tara jika 20 kowane mako, jika 80 a mako huɗu. Ko wadda ba ta yi boko ba, tana gane lamba, tunda da ita take ciniki a wayarta kullum. Kuɗin da aka turo ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi ma a hau da su allo da sunan mai turowa. Gani ya kori ji.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A jihar Maraɗi ne ƙungiyar CARE ta soma tsarin Mata Masu Dubara a shekarar 1991, wanda daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka. Ƙarfin irin waɗannan asusai shi ne akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku: makullan suna hannun mata uku dabam-dabam, akwatin yana hannun ta huɗu, ba a kuma buɗe shi sai a gaban taro. Matan ƙauye sun riƙe amana da wannan tsari a kan tabarma. Biro na birni ba shi da hujjar yin ƙasa da haka. Abin da za mu ƙara shi ne kada a bar kuɗi masu yawa su kwana a ɗakin taro. A kai su banki ko asusun ajiya, da sa hannun mutum biyu ko uku.

Takardu

Bayan allo, sai kabad ɗin ƙarfe mai makulli, a ɗora shi kan bulo don gudun laima da gara. A ciki za a ajiye dokokin ƙungiya, takardar amincewar hukuma, littafin sunayen membobi, littafin kuɗi, littafin rahoton taro, rasiɗai da hatimi. Ga ƙungiyoyin da suka yi rajista a matsayin kooperatif, dokar OHADA da aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010 ta tanadi a ajiye littafin membobi a mazaunin ƙungiya. Banki ko wata ƙungiyar tallafi in sun zo, waɗannan littattafai za su fara tambaya kafin su dubi labule ko kafet.

A wane harshe za a rubuta rahoto? Tun watan Maris na 2025, kundin sake gina ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci kuma yana cikin harsunan aiki. Takardar da za a kai ma hukuma ana iya yin ta da Faransanci, amma littafin cikin gida a rubuta shi da harshen da aka yi taron, da boko ko da ajami, a kuma karanta ma jama'a shi kafin a watse.

Kada a manta da gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982, ƙaramar kasuwar kuma a 2012. Wuta in ta tashi, takarda ce farkon tafiya. A yi kwafin kowace muhimmiyar takarda a ajiye a wani gida nesa da kasuwa, a kuma ɗauki hotonta a wayoyin mutum biyu. A tanadi bokitin yashi ko tukunyar kashe wuta a bakin ƙofa, a rubuta lamba 18 ta ƴan kwana-kwana a bango. Wutar da ta tashi daga wayar kuran ba a zuba mata ruwa: a fara yanke wutar daga kwantar.

Wuta da na'urori

Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take sayar ma ƙasarmu, har zuwa farkon 2024. Darasin shi ne kada a gina taro a kan kuran kaɗai. Lissafin ba wuya: ƙwan fitila huɗu marasa cin wuta masu wat 10 sun kama wat 40, fanka biyu masu wat 60 sun kama 120, jimla wat 160. Wannan ƙaramin nauyi ne da allon hasken rana da batiri za su iya ɗauka na tsawon taron awa uku. Na'urar sanyaya ɗaki kuwa matsakaiciya ita kaɗai tana cin wajen wat 1,000, ga kuɗin wata, ga gyara. Ƙungiyar da ke tara jika 80 a wata ta yi tunani sau biyu. Haɗin waya kuma a ba ƙwararre, kada a ja wuta daga rumfar maƙwabci, kada a cusa caja goma a soket ɗaya.

Lasifika ƙarama mai caji tana da amfani in taro ya wuce mutum 40. Kwamfuta da injin buga takarda sai in akwai wanda ya iya aiki da su, da mayafin da zai kare su daga ƙurar hunturu. In ba haka ba, kai aiki wurin masu buga takardu ya fi sauƙi. Sanarwar taro ta WhatsApp tana da kyau, amma shawarar kuɗi a ɗakin taro ake yanke ta. A ƙara da agogon bango, domin mai sana'a ba ta da lokacin ɓatawa, da randar ruwa da kofuna, da buta da tabarmar salla, da makewayi mai ƙofa.

Yadda za a yi sayayya

A kafa kwamiti na mutum uku wanda shugaba da ma'aji ba su ciki. Su tambayi farashi a wuri uku, su kawo ma taro, a zaɓa. Kowane kaya ya zo da rasiɗi. A rubuta sunan ƙungiya da lamba da fenti a bayan kowace kujera, a manna jerin kayan a bango, a riƙa ƙirgawa duk lokacin da aka sake biro. Tun ranar farko a yanke magana kan aron kujeru zuwa biki ko suna: ko a hana, ko a sa kuɗin haya da zai shiga asusu, wanda ya karya kuma ya biya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba dole a kammala kome a wata ɗaya ba. A fara da iska da haske, sai wurin zama, sai allo da akwati da kabad, sannan fanka da allon hasken rana. Kujerar shugaba ta zo a ƙarshe, in kuɗi sun saura. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya kuma ƙara haɗa kawunanmu.