Tsara Shafi a Manhajojin Rahoton Kasuwanci da Matsayin Rubutun Hausa a Cikinsa

1.0 Gabatarwa

Rahoton kasuwanci, kamar na cinikin wata ko na kayan da ke sito ko na albashin ma'aikata, ba a shirya shi da hannu shafi bayan shafi. Manhajoji irin su Crystal Reports da JasperReports da SQL Server Reporting Services ne ke ɗebo alƙaluma daga rumbun bayanai su zuba su cikin ƙirar da aka riga aka tanada. Ke nan mai tsarawa yana yanke shawara ne kan shafukan da bai gani ba tukuna. Wannan maƙala ta dubi abubuwa uku da ya wajaba a daidaita tun farko.

2.0 Girman Takarda

Takardar A4 da aka saba da ita a Nijeriya da Nijar tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, ta Amurka kuwa kimanin 216 da 279. Idan aka bar milimita 20 a kowane gefe na A4, milimita 170 kaɗai suka rage wa ginshiƙai. A manhajar Reporting Services, muddin faɗin jikin rahoto da gefunansa ya zarce na takardar, to shafuka marasa rubutu za su riƙa kutsowa tsakanin na gaskiya idan an fitar da PDF.

3.0 Sassan Rahoto

Akan kasa ƙirar gida-gida. Kan rahoto yana fitowa sau ɗaya. Kan shafi, mai ɗauke da sunayen ginshiƙai, yana maimaituwa a kowane shafi. Sashen bayanai yana maimaituwa ga kowane layi, sannan jimla ta zo a ƙarshen rukuni. Idan ba a umarci manhaja ta riƙe rukuni wuri guda ba, jimlar reshe kan faɗa wani shafi ita kaɗai, mai karatu ya kasa gane ta wane reshe ce.

4.0 Buƙatun Rubutun Hausa

Ba kowane salon haruffa ne ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, balle ƴ da ake rubutawa a Nijar. Rashinsu kan sa akwatuna su bayyana a gurbinsu, don haka dole a zaɓi salon da ke da su, a kuma cusa shi cikin fayil. Haka nan, lambobin waɗannan haruffa a tsarin Unicode suna bayan na z, shi ya sa jerin da aka yi bisa lamba zai kai Ƙaura bayan Zariya. Rubutun adadi ma ya bambanta: abin da Kano ke rubutawa 1,250.50, Maraɗi na rubuta shi 1 250,50 bisa tsarin Faransanci.

5.0 Kammalawa

Harshen rahoto yana cikin abubuwan da ke tantance ƙirarsa, ba fassarar da za a liƙa daga baya ba ce. Ya kamata masana Hausa su samar da daidaitattun kalmomin ginshiƙai, gajeru, da ƙa'idar jera haruffa da masu tsara rahoto za su bi.