"Yana Can!" Ba Kwatance Ba Ne

"Yana can! Wallahi ga shi nan!" Duk wanda ya taɓa zama kusa da samari suna buga wasan harbi, a waya ko a kwamfuta, ya san wannan ihun. Mai ihun ya hango abokin gaba, an harbe shi ya faɗi, yana son ya gargaɗi 'yan uwansa. Su kuwa kowa idonsa na kan nasa allon, kowa da lungun da ya tsare. Can ina? Kafin a tambaye shi ya ba da amsa, an kwashe biyu daga cikinsu.

Sabon ɗan wasa yakan ɗauka saiti ne kaɗai abin koyo, ya kwana yana gyara hannunsa a kan harbi. Saiti na da amfani, babu musu. Amma a wasan da ake bugawa ƙungiya da ƙungiya, ido biyu ne da kai, sauran takwas suna kan abokanka, kuma abin da suka gani ba zai iso gare ka ba sai ta baki. Shi ya sa kowane lungu da saƙo na taswirar wasa yake da suna.

Inda wannan al'ada ta fi kafuwa shi ne Counter-Strike, wasan da Minh Le da Jess Cliffe suka ƙirƙira a 1999, kamfanin Valve ya karɓe shi ya fitar da shi kasuwa a 2000, yau kuma ake buga sabon samfurinsa na 2023, wato Counter-Strike 2. Mutum biyar ne a kowane ɓangare. Ɓangare ɗaya na neman dasa bam a ɗaya daga wurare biyu, A ko B, ɗayan na tsaro. Zagaye guda minti ɗaya ne da sakan 55. In an dasa bam, sakan 40 yake yi ya tashi, kwance shi kuma yana cin sakan 10, ko 5 ga mai kayan kwancewa. Wanda ya faɗi ya faɗi ke nan sai zagaye na gaba. To, a irin wannan ƙurarren lokaci, wa ke da sararin sauraron "wajen nan da muka bi ɗazu, bayan akwatin nan, kusa da ƙofa"?

A ɗauki Dust II, taswirar da David Johnston ya zana, ta fito a 2001, har yau ba a daina buga ta ba. Hanyoyi uku masu kai hari ke da su. Akwai doguwar hanya mai kaiwa A, sunanta Long, a gefenta da wani rami da ake kira Pit inda masu bindiga mai madubi ke laɓewa. Akwai tsakiya, Mid, wadda wata siririyar hanya mai suna Catwalk ta ɓalle daga jikinta ta haura A ta gajeren zango. Sai Tunnels, hanyar cikin gini mai duhu da ke ɓullewa B. Mai tsaron Long ya ce "uku a Long" kawai, nan take wanda ke B ya san ko dai ya fara shirin tahowa, ko ya lissafa cewa saura biyu ba a gani ba, wataƙila ta wajensa za su ɓullo. Kalma uku ta sauya tsayuwar mutum biyar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda sunayen ke samuwa. Yawancinsu ba kamfani ne ya raɗa su ba, bakin 'yan wasa ne. A taswirar Inferno, wadda aka yi ta da siffar wani ƙauyen Italiya, hanyar da ke kaiwa B ta lanƙwasa kamar ayaba, sai kowa ya ce Banana. A Nuke akwai wata ƙofar ƙarfe mai ƙara in an buɗe ta, ita ce Squeaky, sunan ƙarar tata ke nan. Wani lungu a A na Dust II sunansa Goose, saboda rubutun da ke jikin bangon, wanda ke nuni da laƙabin Minh Le, wato Gooseman. Wani sunan ma yakan fi abinsa daɗewa. A saman Banana da akwai wata mota da ake fakewa bayanta. Aka sake fasalin taswirar a 2016 aka ɗauke motar, amma har gobe Car ake kiran wurin. Mutumin Kano ba zai yi mamaki ba: kwandasta na kiran "Bata! Bata!" fasinja na shiga, ba wanda ke neman kantin takalmin da ya ba wurin sunansa. A Banana kuwa baƙo ne ke ɓata, yana waige yana neman mota. Da ɗan gari akan ci gari.

Sanin suna kuwa rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne yadda za a faɗe shi. Rahoto mai kyau yana ɗauke da adadi, da wuri, da halin da ake ciki: "biyu a Banana, ɗaya da bam", ko "ɗaya a Pit, na raunata shi". Adadin nan shi ne inda aka fi yin ɓarna. Tsoro kan sa mutum ya ga biyu ya ce "duk suna nan", abokansa su baro wuraren tsaronsu da gudu, ashe yaudara ce, bam na can yana shiga ɗaya wurin ba kowa. In takun ƙafa ka ji, ka ce ka ji. In gani ka yi, ka ce ka gani. Ba ɗaya ba ne. Haka "hagu" da "dama" ba su da tabbas, domin hagunka daman wanda ke fuskantarka ne. A Nuke ma matsalar ta wuce haka, don A a saman B take kamar bene, ɗigon da ke kan rada ba lallai ya gaya maka sama ko ƙasa ba sai ka lura, shi ya sa sunaye irin su Heaven da Hell suke ceton rai.

Bayan ka ba da rahoto, sai ka yi shiru. Wannan ya fi komai wuya. Wanda aka fitar yana da bakin magana har zagaye ya ƙare, kuma sau da yawa shi ke kashe na ƙarshen da ya rage da surutu: "duba bayanka, a'a koma, kai me kake yi haka?" Alhali shi wancan ya kasa kunne cikin iyafis yana neman takun ƙafa ko ƙarar taɓa bam. Mita da ƙorafi su jira a gama.

Samarinmu sun fi buga na waya, irin su PUBG Mobile da Free Fire, kuma can ma dokar ɗaya ce, sai dai fili ya fi faɗi. Erangel ta PUBG kilomita 8 ce tsawo da faɗi, don haka cewa "Pochinki" ko "School" ya isa a zaɓi wurin sauka, amma bai isa a nuna maharbi ba. Sai a haɗa da lambar kamfas da ke saman allo: "215, jan gida, hawa na biyu". Abin lura, lambar daga inda mai magana yake tsaye take aiki. In abokinka ya yi nisa da kai, 215 ɗinsa daban, naka daban; gara ya sa alama a taswira.

Koyon ba ya buƙatar wata dabara mai zurfi. Ka buɗe taswira kai kaɗai ba abokin gaba, ka zaga ta a hankali. Counter-Strike yana rubuta sunan inda kake tsaye a kusa da rada, ko da yake wani lokaci sunan da ya rubuta ya saba da wanda jama'a ke faɗa, kuma na jama'a ne ke aiki a fage. Taswira bakwai ake bugawa a gasa, kada ka haɗiye su gaba ɗaya. Ka riƙe ɗaya har ta zauna. Kallon gasar ƙwararru na taimakawa, don masu sharhi sunayen suke ta maimaitawa yayin da ido ke ganin wurin. Sannan ka riƙa furtawa da baki ko da ba mai jin ka, saboda sunan da harshe bai saba da shi ba ba ya fitowa lokacin da harsashi ke zuba.

Dole ne da Turanci? Ko kusa. 'Yan Rasha na da nasu sunaye, Catwalk ma "ziga" suke ce mata. Abokai biyar da kullum tare suke bugawa suna iya cewa "rami", "doguwa", "ƙarƙashin gada", muddin sun zauna sun yarda a kan ma'anar kowanne kafin a fara. Amfanin sunayen da duniya ta sani yana fitowa ne ranar da aka haɗa ka da baƙi. Ƙungiyar FaZe da ta ci babbar gasar Antwerp a 2022 mutum biyar ne daga ƙasa biyar: Denmak, Norwe, Kanada, Latbiya da Estoniya. Mutum ɗaya ne cikinsu ya tashi da Turanci a gida, amma in aka ce Banana, su biyar wuri ɗaya suke juyawa.