Nauyin filawil da tasirinsa ga aikin injin niƙa

A garin Dabai da ke ƙaramar hukumar Zuru a jihar Kebbi, inda dawa da masara ke cikin abincin yau da kullum, jama'a sun dogara ƙwarai da injin niƙa. Duk wanda ya tsaya kusa da irin wannan inji zai lura da wani faifan ƙarfe mai nauyi da ke juyawa a gefensa, wanda makanikai ke kira filawil.

Akasarin waɗannan injina fistin ɗaya gare su, kuma motsi huɗu yake yi: zuƙar iska, matse ta, ƙona mai, sannan fitar da hayaƙi. A motsi na uku kaɗai ake samun ƙarfi, wato sau ɗaya a cikin kowane juyi biyu.

Aikin filawil kamar na rumbu ne. Yana tara ƙarfi a lokacin da mai ya ƙone, sannan ya riƙa sakinsa a sauran motsi ukun, domin kada injin ya tsaya.

Amfanin nauyi

Idan filawil ya yi nauyi, injin kan juya a natse. Ko da an antaya masa hatsi farat ɗaya, ƙarfin da aka tara zai ture nauyin aikin ba tare da injin ya mutu ba.

Wannan ne sirrin tsohon injin Lister mai ƙarfin doki 6, wanda aka ƙera a garin Dursley na Ingila, kamfanonin Indiya kuma suka kwaikwaya. Juyi 650 kacal yake yi a minti ɗaya, amma manyan filawil biyu ne ke riƙe da shi.

Sai dai kuma nauyin ba ya ƙara wa inji ƙarfin doki ko kaɗan. Hasali ma yakan sa ya yi jinkirin ɗaukar gudu, shi ya sa masu motocin tsere suka fi son filawil marar nauyi. Amma a injin niƙa, marar nauyi kan jawo jijjiga, da fizgar bel, da yawan mutuwar inji a tsakiyar aiki.

Haɗarin ƙara gudu

Ba nauyi kaɗai ke da tasiri ba. Idan aka ninka gudun filawil sau biyu, ƙarfin da yake tarawa kan ninku sau huɗu, haka ma ƙarfin da ke neman tarwatsa shi.

Saboda haka, mai injin da ya ƙara gudu fiye da ƙima domin ya sallami layi da wuri, ko ya ɗaura filawil mai tsagewa, yana jefa rayuka cikin haɗari, musamman mata da yaran da ke tsaye suna jiran garinsu.