Dodon Majigi da Ƙanƙarar Maita

 Mutanen Karaye da Rogo, da masuntan bakin madatsar Challawa, sannunku da aiki. Yau za mu leƙa Jamus ta shekara ɗari da ɗoriya baya, amma kada ku damu, a gida za mu kwana.

Ran 4 ga Maris 1922 aka fara haska wani fim a birnin Berlin mai suna Nosferatu, wanda F. W. Murnau ya ba da umarni. Lokacin majigi bai iya magana ba, sai rubutu a allo da makaɗa a gefe. Labarin kuwa aro ne babu sallama daga littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897. Matar marubucin, Florence, ta kai ƙara, a 1925 kotu ta ce a lalata duk kwafin da ke akwai. An bi umarni, amma wasu sun riga sun tsallake iyaka. Ku ji fa, fim a kan gawar da ta ƙi mutuwa, shi ma ya ƙi mutuwa!

Dodon, sunansa Orlok, mashayin jini ne. Kansa ƙwal, hancinsa dogo a lanƙwashe, kunnuwa a tsaye, farata zaƙo-zaƙo, haƙoran gaba biyu irin na ɓera. Daga gabashin Turai ya taso da jakar kuɗi, ya sayi gida a tsakiyar gari. Ya iso a jirgin ruwa da akwatunan gawa cike da ƙasa da ɓeraye, kuma yana sauka annoba ta sauka.

Ku riƙe waɗannan: baƙo, kuɗi, jini, annoba. Duk Bajamushen da ya shiga kallo a 1922 ya taɓa jin su, domin ƙazafin da aka daɗe ana yi wa Yahudawan Turai ke nan. A 1144 aka tsinci gawar wani yaro a garin Norwich na Ingila, aka ɗora musu. Daga baya ƙaryar ta yi ƙiba, aka ce jinin yaran Kirista suke amfani da shi a ibada. Da babbar annoba ta mamaye Turai a 1348, aka ce su suka zuba guba a rijiyoyi, a 1349 aka ƙone ɗaruruwansu a Strasbourg. Har a 1913 an gurfanar da wani mai suna Beilis a Kiev kan zargin jinin nan, kotu ta sallame shi. Wannan duk tun kafin a kafa ƙasar Isra'ila a 1948 ne, maƙwabta ne ake yi wa sharri, masu shago da masu ɗinki.

To da gangan masu fim suka yi? Nan masana suka rabu. Ko sau ɗaya fim ɗin bai ambaci Bayahude ba. Wanda ya tsara labarin, Henrik Galeen, Bayahude ne, haka ma Alexander Granach da ya fito a matsayin Knock, dillalin gidaje. Dukansu biyu sun bar Jamus da 'yan Nazi suka hau mulki a 1933. Ni dai abin da na fahimta, mai neman fuskar tsoro yakan ɗauki wadda ya tarar a kasuwa, bai tambayi wanda ya sassaƙa ta ba.

Amma wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kusa da ƙarshe. Gawawwaki na fita, mutanen gari na neman wanda za su kama, sai suka far wa dillalin nan. Ya haye rufin gida, ana jifansa. Ya dira, ya yi daji, suna bin sa. Can suka hango wani a tsaye a gona, suka rufar masa, suka yi kaca-kaca da shi. Ashe mutum-mutumi ne na korar tsuntsaye! Manoman Rogo, kun san shi, tsumma ne da kara. Dodon na ainihi yana can cikin gari, su kuwa suna dukan tsumma.

A nan na tuna gida. Mu ba mu da gawa mai shan jini, maye muke da shi, mai kama kurwa. Aka ce ƙanƙara ce a cikinsa, aka ce a nono ake sha, shi ya sa zargi ɗaya kan hana 'yan matan gida guda aure. Ina yaro akwai wata tsohuwa a unguwarmu, daga nesa aka auro ta, mijin ya rasu, ba ɗa ba jika. In ta gifta mukan ce "kurwata kur" mu ruga. Ranar da zazzaɓi ya kayar da wani yaro yana sambatu, aka jawo ta a gaban jama'a wai ta tsallake shi. Ta tsallaka tana kuka. Daminar nan kwata ta cika, sauro kamar hayaƙi, amma babu wanda ya dubi kwata. Ku lura da wanda ake nunawa: baƙuwa, gwauruwa, Bamaguje, wanda ba shi da mai tsaya masa.

Mu koma Jamus, bari in taƙaita. A 1940 'yan Nazi suka fitar da fim ɗin Der ewige Jude, suka jera hoton ɓeraye da na Yahudawa ƙarara, kuma zuwa 1945 an hallaka Yahudawa kusan miliyan shida. Saboda haka 'yan'uwanmu masu shirya fim a Kano, in za ku sa maye a fim, ku dubi wa kuka ba rawar, da irin hausar da kuka sa a bakinsa. Yaran gidan kallo suna haddacewa, kuma gobe a hanyar rijiya za su gamu da mai irin fuskar. An ce in maye ya manta uwar ɗa ba ta manta ba. To wanda aka yi wa ƙazafin fa, wa ya taɓa tambayar uwarsa?