Maitama ko Asokoro: Abin Dubawa Kafin Sayen Gidan Iyali

Duk wanda Allah ya hore wa har ya kai ga neman gidan iyali a tsakiyar Abuja, da wuya dillali ya gama yi masa bayani bai ambaci Maitama da Asokoro ba. Unguwannin biyu suna cikin rukunin farko na birnin, wanda aka shimfiɗa bisa taswirar 1979, tun kafin gwamnatin Janar Babangida ta tare a Abuja ranar 12 ga Disamba, 1991. Saboda haka gata ɗaya suka samu: tituna masu kwalta da magudanai, ruwan famfo daga madatsar Usuma, da bututun ƙazanta na ƙarƙashin ƙasa wanda yawancin sababbin unguwanni ba su da shi. Abin da ya raba su shi ne Dutsen Aso da fadar shugaban ƙasa da majalisa da kotun ƙoli. Maitama tana arewa, Asokoro tana kudu maso gabas, kuma idan hanya a sake take, 'yan mintuna ne a mota.

Kusancin nan ne ke sa masu saye su ɗauka zaɓin na sha'awa ne kawai, ko na wanne suna ya fi daɗin faɗa a gaban surukai. A ganina sunan unguwar shi ne mafi ƙarancin muhimmanci a cikin lissafin.

Maitama unguwa ce mai motsi. A nan otal ɗin Transcorp Hilton yake, da hedikwatar hukumar zaɓe ta INEC, da hukumar jami'o'i, da hukumar sadarwa, da babbar kotun birnin tarayya, da ofisoshin jakadanci masu yawa. Filin shaƙatawa na Millennium Park, wanda Sarauniyar Ingila ta buɗe a Disambar 2003, yana gefenta. Ta jingina da Wuse II, inda kantuna da bankuna da wuraren cin abinci suka taru, don haka uwargida ba ta yin doguwar tafiya kafin ta yi cefane ko ta kai yaro wurin likitan haƙori. Amma wannan sauƙi yana da farashi. Titin Gana, wanda aka tsara don gidajen zama, yau galibinsa ofisoshi ne da gidajen abinci da wuraren shaƙatawar dare. Kuma duk lokacin da siyasa ta yi zafi, maƙwabtan INEC sun san me ake nufi da toshe hanya.

Asokoro ta fi kamewa. Masaukan gwamnonin jihohi suna can, da ofishin Bankin Duniya a titin Yakubu Gowon, inda sakatariyar ECOWAS ta daɗe, ga barikokin soja a gefe. Bayan isha'i wasu layukan sai ka rantse ba kowa. Dattijon da ya gaji da hayaniya zai so wannan. Amarya mai ƙananan yara kuwa tana iya ganin shirun ya yi yawa, domin gidajen da ke kewaye da ita wasu masu su ba sa zuwa sai jefi-jefi, maigadi ne kaɗai a ciki. Yaro na iya shekara a irin wannan layi bai yi aboki ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga iyalin da suka taso a Kano ko Zariya, inda maƙwabciya ke leƙowa barka kafin dangi su iso.

Sai batun hanya, wanda masu saye kan manta da shi don ranar Asabar da hantsi ake kai su ganin gida. Asokoro tana bakin mahaɗar AYA, wadda ta nan ne ma'aikatan da ke kwana a Nyanya da Karu da Mararaba suke kwararowa cikin gari da safe, su koma da yamma. Wanda gidansa ke kusa da wannan baki zai sha cunkoso sau biyu a rana, wanda yake can ciki kuwa ba ruwansa. Maitama ita ma tana da nata a mahaɗar Mpape da mashigar Wuse II. Akwai kuma wani lissafi da ya shafe mu 'yan Arewa musamman: ina ne gida? Mutumin Kaduna ko Kano ko Katsina ko Sakkwato ta Kubwa da Zuba zai riƙa fita, kuma Maitama ta fi masa kusa da wannan hanya. Mutumin Jos ko Bauchi ko Gombe ko Yola ta Keffi zai bi, Asokoro ce a bakin hanyarsa. Mai zuwa gida duk ƙarshen mako, ko wanda baƙi ba sa yanke masa, zai ji wannan bambanci a jikinsa. Haka direba da mai dafa abinci: na Maitama sukan fito daga Mpape, na Asokoro daga ɓangaren Nyanya, kuma ranar da hanya ta cushe yara ne ke makara.

Makaranta ma ita ya kamata ta ja gida, ba gida ya ja makaranta ba. A fara tsayar da inda yara za su yi boko da Islamiyya, a bi hanyar da mota ranar Litinin da ƙarfe bakwai na safe, a sake bi lokacin tashi. A dawo layin da daddare ranar Juma'a a saurara ko akwai kiɗa a bayan katanga. A tambayi masu gadin maƙwabta ko ruwa yana taruwa da damina, su ba su da la'ada a cinikin. Dukkan unguwannin suna da tudu da gangare, gidan da ke ƙasan gangare shi ke karɓar ruwan na sama. Wanda ke duba ɓangaren Maitama mai kallon Mpape ya tuna da motsin ƙasar da aka ji a yankin a Satumbar 2018, wanda ya sa hukuma ta dakatar da fasa dutse na wani lokaci. Ba abin firgita ba ne, amma dalili ne na kawo injiniya ya duba tsagewar bango kafin sabon fenti ya rufe ido.

Siffar gidan kanta tana bukatar natsuwa. Tsofaffin gidajen unguwannin nan, har da na gwamnati da aka sayar wa jama'a tun daga 2005, filayensu manya ne, da bishiyoyi da ɗakunan baya. Yanzu da ƙasa ta yi tsada, masu gini kan rushe gida ɗaya su jera benaye da yawa manne da juna, ƙofa ɗaya, janareta ɗaya, kuɗin hidima kowace shekara. Adireshin Maitama ne ko Asokoro, babu ƙarya. Sai dai gidan Bahaushe yana da nasa tsari: falon maigida da baƙi za su shiga ba tare da sun ratsa ta cikin mata ba, ɗakin 'yan'uwan da suka zo asibiti ko neman biza, wurin girkin suna, inda za a ɗaure ragon layya, wani lokaci ma sashen mata biyu. Jerin benen da aka zana don miji da mata da 'ya'ya biyu ba zai ɗauki wannan ba, kuma dokokin masu kula da rukunin gidajen sukan hana abubuwa da dama daga ciki. Gara tsohon gida mai fili a layin da ba a cika ambata ba, da sabon bene mai ƙyalli inda za a riƙa kawo maka ƙorafi kan baƙinka.

Kuɗin riƙe gida kusan ɗaya ne a duka biyun, kuma ba kaɗan ba ne. A Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, bisa alkawarin awa 20 a rana. Gida mai na'urorin sanyaya ɗaki goma zai gaya maka ma'anar wannan a ƙarshen wata, ban da man janareta.

Inda aka fi asarar dukiya shi ne takarda, kuma nan Maitama da Asokoro ba su da wani bambanci. Ƙasar babban birnin tarayya ta gwamnatin tarayya ce, minista ne ke bayar da ita, kuma takardar shaidar mallaka ta shekara 99 ce, ana ƙirgawa daga ranar da aka ba mai ita na farko, ba ranar da kai ka saya ba. Sarki ko dagaci ba shi da hurumin sayar da fili a nan. Kafin a biya ko sisi, lauyanka, ba lauyan mai sayarwa ba, ya je hukumar bayanan filaye ta AGIS, wadda aka kafa a 2003 zamanin ministancin Nasir El-Rufa'i, ya yi binciken fayil. Binciken zai nuna sunan da ke kan filin, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai shari'a a kansa, da kuma abin da aka ware shi don shi. A nemi kuma taswirar ginin da sashen kula da gine-gine ya amince da ita, a gwada ta da abin da ke tsaye. Ginin da ya hau kan bututun ƙazanta ko filin da aka ware don lambu, tsadar unguwa ba ta hana a rushe shi, mazauna Abuja sun ga haka tsakanin 2003 da 2007.

Harajin ƙasa na shekara-shekara, wanda mutane da yawa suka mayar abin wasa, shi ma ya zama abin tsoro. A Maris na 2025 ministan birnin, Nyesom Wike, ya soke takardun filaye 4,794 saboda masu su sun haura shekara goma ba su biya ba, kuma Maitama da Asokoro suna cikin unguwannin da abin ya shafa. Mai saye ya ga rasiɗan biya da idonsa, in akwai bashi a cire shi daga kuɗin gidan.

Akwai wata gajeriyar hanya da dillalai ke yawan kwaɗaita wa mutane: a tsaya a kan takardar wakilci kawai, wadda mai sayarwa zai sa hannu ya ce ya ba ka iko da gidan, don a kauce wa kuɗin neman amincewar minista da rajistar sauya suna. Ana samun sauƙi a ranar, amma a fayil ɗin hukuma gidan yana nan da sunan wani. In mai sayen ya rasu, marayunsa ne za su shiga neman mutumin da ba su taɓa gani ba, ko magadansa, don su sa hannu. Haka nan idan gidan da ake tallatawa na gado ne, kada a wadatu da maganar babban ɗa. A ga takardar kotun da ta raba gadon ko ta naɗa masu kula da dukiyar, a tabbatar duk wanda sunansa ke ciki ya yarda, har da matan mamacin da 'ya'yansa mata da ke aure a wani gari. La'adar dillali, wadda yawanci kashi 5 cikin 100 ce, a rubuta ta tun farko tare da sunan wanda zai karɓa, domin a cinikin gida ɗaya a Abuja ana iya samun dillalai biyar, kowanne yana cewa shi ne ke da maigida kai tsaye.