Sabon inji, tsohon hayaƙi

A garejin Dogon Dutsi da Tibiri akwai maganar da ta zauna daram a bakin direbobi: mota in ta fara tuƙa hayaƙi, a sauke injin a ɗora na Kwatano, shi ke nan an rabu da matsala. Gaskiya ne shuɗin hayaƙin nan na ƙonewar baƙin mai yakan ɗauke. Amma wanda ya fi kisa ido ba ya ganinsa. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi ko wari, kuma jini ya fi kama ta a kan iskar shaƙa sau fiye da 200.

Injin zamani ba shi kaɗai yake aiki ba. Yana tafe da ƙwaƙwalwarsa, da ɗan ma'aunin iska da ke soke cikin salansa, da tukunyar tace hayaƙi. Wanda ya taɓa ganin an fasa tukunyar ya san cikinta: farar laka mai ƙananan ramuka kamar saƙar zuma, an shafe ta da filatinom da faladiyom da rodiyom. Tsadar waɗannan ƙarafa ce ke sa a ƙwaƙule ta a sayar, wani lokaci tun kafin motar ta iso hannun mai ita. Sai makaniki ya ɗora injin tsirara, ya naɗe wayar ma'aunin da roba, fitilar gargaɗi ta kama, a liƙe ta da salatif. Ƙwaƙwalwar da ba ta samun labari sai ta yi ta lalube, galibi tana zuba mai fiye da kima. Direba kuwa ya ɗora laifin a kan masu sayar da mai a kwalba.

A jihar Kalifoniya ta Amurka, injin da aka sauya dole ya zama sa'an motar ko wanda ya fi ta sabunta, da kayan tacewarsa cif. Ƙungiyar CEDEAO ma a 2020 ta amince da ƙa'idar hayaƙi ta Euro 4 ga motocin da ake shigowa da su, da man da sinadarin salfa a cikinsa bai wuce kashi 50 cikin miliyan ba. Nijar ta fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, kuma ko kafin nan dokar ta fi ƙarfi a takarda. A shingayen babbar hanyar Doso zuwa Birnin Ƙonni, takardun mota da kaya ake tambaya; da wuya ka ga wanda ya sunkuya ya leƙa salansa. Masu shaƙar hayaƙin kuwa su ne 'yan talla da 'yan kabu-kabu da ke wuni a bakin tasha.