Hukuncin Ruwan Zartsi a Lambunan Katsina

Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda ake karanta littattafansu a zaurukan malaman Katsina tun zamanin da, da siffofi uku suke yi wa ruwa hukunci, wato launi da ɗanɗano da ƙanshi, kuma mai Risala ya yi rangwame ga ruwan da ƙasar mazauninsa ta jirkita, ko da ƙasar mai gishiri ce. Saboda haka rijiya mai zartsi ta halatta ga mai alwala, amma wannan fatawa ba ta wuce bakin buta ba, domin albasa da latas ɗin da masu lambu ke nomawa da rani a wajajen Ƙofar Marusa da gaɓar Ginzo suna da nasu sharuɗɗan, waɗanda harshen ɗan Adam ba ya iya tantancewa.

Illar ruwan zartsi ga shuka kuwa ita ce, duk ruwan da aka kwarara a fangali, rana ta kan ɗauke kasonta, shuka ta sha nata, gishirin kuma ya zauna. Har idan lita ɗaya tana ɗauke da giram ɗaya rak na gishiri, aka kuma ba hekta guda ruwan da zurfinsa ya kai milimita 500 kafin girbi, to an zuba mata tan 5 na gishiri ba tare da an sani ba. Daga nan sai saiwa ta kasa jan ruwa, ka ga shuka ta yi yaushi alhali gindinta a jiƙe yake, bakin ganye ya ƙone, farin ɓawo ya fito a kan kunya.

Masana suna auna gishirin ruwa da wata ƙaramar na'ura mai gwada yadda lantarki ke ratsa ruwa, domin gwargwadon gishirinsa, gwargwadon ratsawar. A ƙa'idar da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 1985, ruwan da gishirinsa bai kai miligiram 450 a lita ba babu laifi gare shi, daga nan zuwa 2,000 sai da lura, abin da ya haura haka kuwa haɗarinsa babba ne.

Sai dai a ganina, mas'alar da aka fi gafala da ita ba ta yawan gishirin ba ce, ta irinsa ce. Ruwan da sodiyam ya rinjayi kalsiyam da magnesiyam a cikinsa, musamman mai kanwa-kanwa, yakan warware ƙwayoyin laka su toshe ƙofofin ƙasa, ta yadda za ta daskare in ta bushe, ta kuma hana ruwa nutsewa in an ba ta. A nan Katsina ta yi dace, gama ƙasarta galibi rairayi ce, ruwa na wuce ta da sauƙi, damina kuma tana wanke abin da rani ya tara. Mai lambun fadama, inda laka ta yi kauri, shi ne abin yi wa tsoro.

Su ma shuke-shuken ba ɗaya suke ba wajen juriya: karas da albasa su ne raunana, tumatir ya fi su dama, alkama da auduga da dabino kuwa suna jure abin da zai halaka waɗancan. Wanda ya haƙa rijiya ko ya sa aka yi masa burtsatse, ya kamata ya kai ruwan awo sau biyu, bayan ɗaukewar damina da kuma tsakiyar bazara sa'ad da rijiyoyi suka ja baya, ya haɗa da ƙasar lambun, sa'an nan ya zaɓi irin da zai shuka.